Fensirin da Na Juya wa Habibu Jami'a da Shi

Sana'ar hoto wahala ce. Shekara ashirin da bakwai na yi a cikinta, abin da ta bar mini shi ne ido mai zubar ruwa da yatsun da maganin wanki ya cinye wa fata. Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona yanzu, kowa da waya a hannu, suna ɗaukar junansu suna dariya, sukan ce, "Baba Dauda, wai a da har kuɗi ake ba ku don wannan?" Eh, ana ba mu. Ku da dannawa kawai kuka sani, ku saurara. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi a firamare aka cire ni, don haka yadda maganar ta zo mini haka zan zuba ta.

Aikin farko da maigidana ya ba ni ɗibar ruwa ne. Baba Lasisi sunansa, Bayarabe ne mai shago a Sabon Garin Kano. Wata shida ban taɓa kyamara ba. In ɗebo ruwa, in tace shi da farin ƙyalle sau biyu, domin ƙwayar yashi ɗaya in ta hau nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, sai ta ja wa mutum zane daga goshi har haɓa. Daga nan ya shigar da ni ɗakin duhu. Roba uku ne a jere: ta farko mai fito da hoto, ta biyu ruwa, ta uku mai tsayar da shi kada ya ci gaba da baƙi. Babu agogo. Shi da Yarabanci yake ƙirga, ni kuwa na gano Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha biyu ita ce daidai. In ka ƙara biyu, mutum ya ƙone. In ka rage biyu, ya fito kamar fatalwa.

Abu biyu ya dasa mini a ka. Na ɗaya, kowane mutum ka ɗauke shi sau biyu. "Daudu," haka yake kirana, "in na farko ya rufe ido, na biyu yana nan. Mai hoto ba ya kuka, yana da na biyu." Abu na biyun da ya dasa mini shi ne fensir. Ana fere shi da reza, a goga shi a takarda mai yashi har bakinsa ya koma allura. Ka ɗora nagatif a gilashi, haske ta ƙasa, ka bi fuskar mutum ɗigo-ɗigo kana cike ƙuraje da tamoji. A nagatif komai a juye yake, baƙi fari ne, fari baƙi, sai ka koya wa idonka tunani a juye. Shekara uku na yi kafin ya ɗaga aikina a haske, ya nemi inda na taɓa ya rasa. Ranar ya saya mini shinkafa da nama.

Da na dawo garinmu Rano na kama shago kusa da kasuwa. Kayana kyamara ɗaya mai ido biyu wadda ake leƙawa ta sama, labule fari da ja, madubi, mataji, gwangwanin hoda, sai kwat baƙa guda ɗaya da laktaye da aka ɗaure sau ɗaya ba a sake kwancewa ba. Rabin mazan garin nan da wannan kwat ɗin suka nemi aiki. Wuta ba ta zama, sai na huda kwanon rufi na sa gilashi, rana ta riƙa sauko mini cikin injin ɗora hoto. Da damina in hadari ya haɗo, aiki ya tsaya. Ranar kasuwa Fulani su zo, a ɗauke su riƙe da rediyo. Lokacin aikin Hajji tsofaffi su cika benci, ka yi ta fama da tsohuwa ta buɗe ido ta daina sunkuyar da kai, tana cewa kunyarka take ji.

Wani ɗan takarar kansila daga Rurum ya zo mini farkon dawowar siyasa, fuskarsa duk tabon ƙuraje. Ya ce, "Mai Hoto, so nake in fito kamar ban taɓa riƙe fartanya ba." Yini biyu na yi a kan fuskar nan. Da aka buga fosta aka manna a ƙauyensu, mahaifiyarsa ta tsaya ta duba ta ce, "Wannan ɗan gidan wane ne?" Ya faɗi zaɓe, ya zo ya ce ni na kayar da shi, mutane ba su gane wanda za su zaɓa ba.

Shekarun da aka kawo Shari'a kasuwa ta fara ja da baya. Ba wanda ya rufe mini shago. Amma bikin da ake kirana in ɗauki maza da mata a tsakar gida ya ragu, wasu masu wa'azi kuma suka sa hoto a gaba. Mutum ya zo a yi masa fasfo don dole, yana zaune a kujerata yana istigfari. Abin da ya riƙe ni a lokacin fasfon 'yan makaranta ne, masu cike fom ɗin jarrabawar shiga jami'a. A cikinsu har da ɗana Habibu, na uku a gidana, wanda shi ya fara gama sakandare.

Malaminsu na lissafi, Malam Bashir, mutumin Kibiya, ya zo shago da kansa da yaron a bayansa. Dogo ne, kullum da alli a hannun rigarsa. Ya ce, "Malam Dauda, shekarata goma sha biyar ina koyarwa, ban ga kai irin na yaron nan ba. Akanta zai karanta, ya shiga aikin banki."

Na ce, "To, Allah ya sa. A ina ake karanta shi?"

Ya ce jami'a biyu ake rubutawa a fom, zaɓi na ɗaya da na biyu. Sun zauna sun auna. Akwai ta birni, nan Kano, kusa da gida, mota ɗaya. Akwai kuma wata babba a Kudu, bakin teku. Ita suka sa a sama. Dalilinsa, manyan ofisoshin bankuna a can suke, tun yaro yana karatu suke ɗaukarsa koyon aiki. Sannan 'yan jiharmu ba sa neman can, gurbinmu yana nan ba mai shiga. Ta birni kuwa, duk ɗan Kano da ya iya ƙirga ita yake so, kuma akanta yake so. Ya juya ya faɗa wa Habibu wata magana da Turanci, suka gyaɗa kai tare. Ban tambaya ba. Uba ba ya tambayar abin da bai sani ba a gaban ɗansa.

Da la'asar na kai maganar majalisarmu ta gindin darbejiya, ina jin za a taya ni murna. Alhaji Sale mai taki ya ajiye carbinsa. "Mai Hoto, kai da hankalinka za ka kai ɗanka Kudu a wannan zamani? Ba kwanan nan aka dawo mana da mutanenmu a bayan tirela ba, wasu ko takalmi babu? Kuma ya karanto me? Kuɗin ruwa! Uba hoto, ɗa riba. Gidanku ya haɗa, sai dai a yi muku addu'a." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. A gida kuma uwar yaron ta daina cin abinci sosai tun da ta ji an ce bakin teku.

Na kira Habibu na ce ya mai da ta birni sama.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, Malam ya yi lissafin nan sau uku. A birni ba lallai in samu ba."

"Kai da aka ce ba a taɓa ganin kai irin naka ba?"

"Ba kai ba ne, Baba, yawa ne." Sannan ya ce, "In ka ce kada in je, wallahi ba zan je ba. Amma ka faɗa mini da bakinka."

Ban faɗa ba. Da na faɗa, gobe duk Rano za a ce mai hoto ya hana ɗansa karatu, kuma ba ni da hujjar da zan tsaya da ita gaban Malam Bashir. Na ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Ya ce amin, ya tashi da murna.

Fasfonsa na ɗauka ranar wata Alhamis da safe. Ya sa kwat ɗin shago, ta yi masa yawa a kafaɗa, na kama ta da abin shanya ta baya. Na ɗauke shi sau biyu. Fom ɗin yana hannunsa, Malam Bashir ya riga ya duba ya ce ya yi. Takarda ce mai 'yan ƙananan da'irori kamar ƙwayar gero, da fensir ake cike su, wai inji ne ke karantawa. Ya nuna mini da yatsa: "Ka ga wannan layin na sama, lambar ta Kudu ce. Na ƙasa ta birni." Ya bar mini shi don in hoton ya bushe in manna, ya tafi gona.

Turanci ban iya ba, amma lamba na sani, da ita nake aiki. Na rufe ƙofa da azahar, na shimfiɗa takardar ƙarƙashin hasken rufi. Abin da na gaya wa kaina shi ne: ban cire masa komai ba. Duka biyun suna nan. In ta birni ta rufe ido, ta biyu tana nan, sai ya tafi Kudun, na san Allah ne ya kai shi ba ni ba. Haka na yi aiki shekara ashirin, na biyu bai taɓa ba ni kunya ba.

Na yanka kilina, robar goge fensir, da reza ta yi tsini. Na ɗauke baƙin da'irorin ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa layin bugun takardar ba, ban tayar mata da gashi ba. Na hure. Na cike sababbi, ta birni a sama, ta Kudu a ƙasa, da nauyin hannunsa, domin shi yana danna fensir ta gefen dama. Lambobin akwatin sama ma na sake su, har da bakwai ɗinsa mai ɗamara a tsakiya. Na ɗaga a haske na nemi inda na taɓa, na rasa. A duk shekarun da na yi ina sana'a ban yi aiki mai tsabtar wannan ba.

Da ya dawo na manna hoton. Hoton ya tsaya kallo, ba fom ɗin ba. "Kai, Baba, ai ka mai da ni manaja tun yanzu!" Na zura a ambulan na liƙe, ya kai wa Malam Bashir, wanda shi ke tattara na ɗalibai ya kai birni.

Sakamako ya fito, yaro ya ci da kyau. Amma takardar da ta zo ta nuna ta birni a sama, ta Kudu a ƙasa. Ya dube ta ya sake dubawa, ya ce kuskure ne. Muka je wurin Malam Bashir tare. Ya daɗe yana kallon takardar. Ni na yi maza na ce, "To ai ba komai, Malam, in nan ba ta yi ba, ga ta biyu."

Ya ce, "Malam Dauda, manyan jami'o'i ba sa duba wanda ya sa su na biyu. Waɗanda suka sa su na ɗaya ma sun yi musu yawa. Abin da na gaya wa yaron ke nan a shagonka."

Maganar Turancin nan ke nan da ban tambaya ba.

Haka aka yi. A birni masu neman akanta sun yi yawa, aka yanke a saman makinsa kaɗan. Wani ɗan ajinsu da bai kai shi ci ba, da ya sa ta Kudu a sama, ya samu, ya tafi. Sai magana ta tashi a gari, ban san wanda ya fara ta ba, wai Malam Bashir ne ya buɗe ambulan ya juya, don ya rage wa wancan yaron abokin takara. Habibu ya tare shi a ƙofar makaranta a gaban ɗalibai, ya ce, "Malam, me na yi maka?" Malam ya ce, "Allah ya sani, Habibu." Ina nan tsaye da kekena. Na ja yaron na ce ya bar wa Allah.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekarata. Wani saurayi ya buɗe shagon kwamfuta a bakin tasha, da janareta, ya rubuta a allo wai jira ka karɓa. Fasfon da nake cewa a dawo jibi, shi kafin ka gyara hula ya miƙo maka. Kwat ma ba ya ajiyewa, a cikin kwamfutar yake sa wa mutum. Ƙurajen da nake yini biyu a kansu, yana shan lemo yake share su. Fim ya yi tsada, maganin wanki sai ka zaga Sabon Gari ba ka samu ba. Sati guda na taɓa yi ba wanda ya zauna a kujerata. Damina kuma ta yanke da wuri, dawa ta tsaya a ciki.

Habibu ya karɓi babur ɗin haya yana jigila tsakanin Rano da Rurum don ya sayi wani fom ɗin. Ya saya. Amma mai fita da asuba ya dawo da magariba jiki duk ciwo, wane karatu zai yi? Kuma ya ƙi komawa wurin Malam Bashir, wanda shi ke yi musu bita kyauta. Makinsa ya sauko. Shekara ta uku aka ce fom ya koma kwamfuta gaba ɗaya, babu fensir. Ya ce ya gaji. Ya tafi Kano, yau adaidaita sahu yake tuƙawa. Ya taɓa gaya wa uwarsa cewa da safe ma'aikatan banki yake ɗauka, in suna lissafi a baya suka yi kuskure, yakan gyara musu a zuci.

Shekara bakwai bai gai da Malam Bashir ba. In sun haɗu a hanya ya tsallaka. Bara da Sallah ƙarama ya zo gida, aka ce Malam yana kwance a Kibiya, ɓarin jikinsa ya shanye, tsofaffin ɗalibansa suna haɗuwa za su je dubiya. Ya shigo shago bayan la'asar. Na ce ya bi su.

Ya ce, "Baba, duk abin da ka ce in yi zan yi, ban da wannan. In ya mutu ma ba zan je jana'izarsa ba. Mu haɗu da shi a can, gaban Allah."

Na jawo akwatin kayan aiki. Fensirin yana nan, da kilinar da ta bushe. Na ɗauki takarda na rubuta bakwai mai ɗamara, na zana da'ira na cike ta, na danna ta gefen dama. Na goge, na hure, na miƙa masa. Na ce, "Ranar Alhamis, kana gona. Ni ne. Na zaci ta biyu tana aiki."

Ya ɗaga takardar a haske kamar yadda ya saba gani ina yi. Ya juya ta. Sannan ya ajiye ta a hankali a kan tebur ya ce, "Hannunka yana da kyau, Baba." Ya ce, "Na ce ka faɗa mini da bakinka." Ya fita. Tuwon da uwarsa ta yi masa bai ci ba, kafin magariba ya hau motar Kano. Bai je Kibiya ba. Har yau in ya kira waya, uwarsa yake nema.

Washegari bayan na karya na hau babur ɗin haya zuwa Kibiya. Na tarar da Malam Bashir a zaure, an jingina shi da matashi, bakinsa ya karkace, ɗansa babba yana ba shi kunu da cokali. Na roƙi ɗan ya ba mu wuri. Na durƙusa na faɗa masa duka, na ce ya yafe mini.

Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na matsa kusa. Ya ce, "Malam Dauda, fom daga hannuna shagonka ya je. Daga shagonka ya dawo a liƙe. Ni malamin lissafi ne."

Na ce, "Ka sani? To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Yaro ya ƙi malaminsa, zai rayu. Ka gaya masa?"

Na ce, "Jiya."

Ya rufe ido. Na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Shekara bakwai ina riƙe maka ɗanka. Ka sake shi a yini ɗaya." Ya ɗaga hannun mai lafiya ya nuna kwanon kunun. Na ɗauka, na ba shi sauran da cokali har ya ƙare, na goge masa baki da hannun rigata.

Na dawo Rano kafin azahar, na buɗe shago, na kaɗe ƙurar kwat ɗin na rataye ta inda take, na zauna a benci.